Ƙofa Mai Inci Ashirin da Huɗu

Litinin, 3 ga Mayu 1999, bayan la'asar

Littafin awona ne wannan, na juya shi ta baya saboda ba ni da wani. A gaba akwai wuyan mutane da tsawon hannunsu, a baya kuma sai abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Yau aka kawo Yaya Lado. A bayan a-kori-kura aka ɗauko shi daga gidan da gwamnati ta ba shi, shi da katifa da akwati biyu da keken guragu. An wargaza kwamitin rusau da ya shugabanta shekara shida, tunda sojan da suka kafa shi suna haɗa kayansu, ƙarshen watan nan farar hula za su karɓa. Wanda aka ba gidan ya aiko sau uku yana son ya yi fenti. Wata biyu ke nan da ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa Indo tana aure a Malumfashi, kuma ba a kai uba gidan suruki. Da dangi suka zauna suka duba hagu suka duba dama, sai ni. Gwaggo Hajjo ce ta yanke maganar. Ta ce, "Muttaka, uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ba ya da inda ya hi wurinka." Na ce to.

Ni na ciccibo shi daga motar. Mutumin da in ya sauko daga mota a bakin titi masu shaguna ke fara kwashe kaya, yau yawunsa ne ya jiƙa mini kafaɗa. Ban ji tausayi ba, kuma ba zan rubuta cewa na ji ba.

Talata, 4 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Abin da ba wanda ya ambata a zaman dangi shi ne bayi. Filat ɗin nan namu na Ƙofar Kwaya ɗaki biyu ne da falo, a hawan ƙasa, kuma bayi ɗaya ne tak, yana cikin ɗakin matata Rakiya, ga tudu a bakinsa. Rakiya ko sunan Yaya ba ta kamawa. In ya yi tari a ɗakinsa, ita da ke kicin sai ta gyara mayafi. Ta ina yayan miji zai ratsa ɗakin matar ƙanensa? Sai dai fo. Ni ke kawowa, ni ke ɗaga shi, ni ke fitarwa. Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, ban san warin ɗan'uwana ba sai jiya.

Na ba shi ɗakin da nake ɗinki, na dawo da kekena falo. Rakiya ta ce, "Malam, sito ɗin nan na hwalo mi muke ajiyewa ciki ban da buhuna? A maida shi ɗan bayi mana, masai da wurin wanke hannu kawai, wanka ka riƙa yi mashi a baho. Ko don ya riƙa kai kanshi." Ta yi gaskiya. Na ƙi jinin ranar da Rakiya ta yi gaskiya tun da safe.

Laraba, 5 ga Mayu, azahar

Sau biyar yau, kuma rana ba ta faɗi ba.

Alhamis, 6 ga Mayu, bayan magariba

Mai gidan hayarmu ya yarda a yi bayin, da sharaɗin kada a taɓa ginshiƙin da ke riƙe da bene. Da zan tafi ya yi dariya ya ce, "Ka tabbata kun bi ƙa'ida hwa, kada yayan naka ya sa mana jan henti." Na yi dariyar ni ma, da haƙora.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. A shekarar casa'in da biyar ina da shago a bakin Ƙofar 'Yandaka, kekunan ɗinki huɗu, da sunana a allo. Rumfar gaban shagon ta shiga layin titi da inci tara. Rumfa ce ta kwano, ba gini ba. Yaya ya zo da kansa, da tef da gwangwanin jan fenti da sojoji biyu. Na ce, "Yaya, ni ne hwa." Bai kalle ni ba ya ce, "Tef bai san ƙane ba." Da katafila ta zo ba ta tsaya a rumfa ba, ta haɗa da bangon gaba, rufi ya zubo kan kekunan. Ɗaya na tono da rai, shi ne wannan da ke falo. A makon aka yabe shi a rediyo, wai jami'in da bai ƙyale ko ƙanensa ba. Har yau bai taɓa ce mini sannu ba.

Shi ke nan, na rubuta. Ban huta ba.

Asabar, 8 ga Mayu, hantsi

Jiya na kai shi asibiti, sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar da ke motsa masa ƙafa ta ji zancen bayin ta yi murna kamar ita za a yi wa. Ta ce hannunsa na hagu da ƙafarsa ta hagu suna da ƙarfi, in aka yi wurin daidai zai iya shiga da kekensa, ya kama ƙarfe, ya juya ya zauna ba tare da kowa ba. Ta rubuto mini takarda. Faɗin ƙofa kada ya gaza inci talatin da biyu. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, don in ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Ba tudu ko kaɗan. Masai na zama, ba na tsuguno ba, tsayinsa inci goma sha takwas. Ƙarfen riƙewa a bango ta wajen hannunsa mai lafiya. Kwamin wanke hannu ƙasa-ƙasa. Sai fili a gaban masan inda keke zai tsaya.

Da muka dawo na karanta masa. Ya saurara ido a rufe, sannan ya buɗe karkataccen bakin nan ya ce, "Ta manta taga. Ba a yin bayi ba taga." Sai da ya maimaita sau uku na gane, don maganarsa yanzu tamkar da tuwo a baki yake yi. Rabin jiki ya tafi, ƙa'ida tana nan daram.

Da ya yi barcin rana na ɗauki tef ɗina na ɗinki na auna kekensa, daga taya zuwa taya. Inci ashirin da shida. Na sake aunawa, don tela ba ya yanka a awo ɗaya.

Litinin, 10 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Mamman birkila ya zo ya duba sito. Faɗinsa ƙafa huɗu, tsawonsa ƙafa bakwai, ya miƙe daga yamma zuwa gabas, bakinsa yana falo. Mamman ya ce aiki mai sauƙi ne: a sa masai can ƙarshe jikin bangon gabas, a faɗaɗa ƙofa zuwa ƙafa uku, keke ya shiga kai tsaye. Yana cikin zana wurin da gawayi sai ya tsaya ya dafe baki.

Ya ce, "Malam Muttaka, akwai magana. In ya zauna nan, alƙibla zai ba baya."

Daga ɗaki Yaya ya jiyo, ya buga hannun kekensa. Duk garin nan ba wanda ke gina masai yana fuskantar gabas ko yana ba ta baya, ko kafirin magini ya san wannan. Mamman ya sake awo. In aka juya masan ya kalli kudu, dole bayansa ya jingina da bangon arewa, kuma wuri ɗaya ne za a iya huda bangon a fitar da bututu, dab da ƙofa, domin can ciki ginshiƙin bene ne. Masan zai cinye rabin faɗin sito. Abin da zai rage wa ƙofa inci ashirin da huɗu.

Na ji wani daɗi ya ratsa ni.

Yaya ya kira ni ya ce, "Tambayo Liman."

Talata, 11 ga Mayu, bayan azahar

Na tare Liman Babaji a ƙofar masallacin unguwa bayan mutane sun watse. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na zayyana masa komai. Ko tunani bai tsaya yi ba. Ya ce, "Hanin nan a sarari ya hi ƙarhi, a daji ko a hili. Cikin gini malamanmu sun sauƙaƙa. In da hali a kauce, kaucewar ta hi kyau. Amma mai lalura irin yayanka, ku yi mashi yadda kekenshi zai shiga, ba laihi ko kaɗan. Addini bai zo don ya ƙuntata ma maras lahiya ba."

Na yi godiya. Daga masallaci zuwa gida taku ɗari biyu ne, na yi su a hankali.

Laraba, 12 ga Mayu, da safe

Yaya ya ce, "Mi Liman ya ce?"

Na ce, "Ya ce kaucewa ta hi kyau."

Ban yi ƙarya ba. Liman ya faɗi haka da bakinsa. Yaya ya gyaɗa kai ya ce a juya masan. Bai tambayi faɗin ƙofa ba, ya ɗauka takardar asibiti tana hannuna, kuma tana hannun nawa.

Mamman ya ja ni waje ya ce, "Malam, kekenshi zai shiga kuwa? Ni idona bai ba ni ba." Na ce masa ni ne tela, ni na auna, zai shiga. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, kai ka san inci."

Asabar, 15 ga Mayu, la'asar

Ƙura ko'ina, ta siminti da ta bulo. Aiki kuma ya yi mini yawa, sababbin 'yan majalisa da 'yan korensu kowa yana son babbar riga kafin ranar rantsuwa. Mutanen da bara ko hula ba su da ita. Ina ɗinki, Mamman yana fasa bango, Yaya yana zaune a bakin ɗakinsa yana kallon aikin yana gyara masa: simintin ya yi ruwa, bulon nan ya karkace. Yau har dariya ya yi. Ya ce wa Rakiya ta bayan labule, "Kin kusa hutawa da warina, ke da mijinki." Ta ce, "Haba Yaya, Allah dai ya ƙara sauƙi."

Ba ni na ajiye alƙibla a gabas ba.

Talata, 18 ga Mayu, azahar

An kafa katakon ƙofa da safe, lokacin Yaya yana asibiti. Ni na zaɓi lokacin. Na rataya tsohon zane a bakin wurin, na ce saboda ƙura.

Mai gyaran famfo ya ɗaura masai da kwamin wanke hannu. An sa ƙarfen riƙewa a hagu. Ba tudu. Ƙofa tana buɗewa waje. Akwai taga. Duk abin da ke takardar nan an yi shi, in ban da layi ɗaya.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

An gama. Rakiya ta wanke wurin ta turara shi, ta sa sabuwar buta. Yaya ya ce kada in tura shi, da kansa zai je. Ya ja keken da hannun hagu yana taimakawa da ƙafa, tun daga ɗakinsa har tsakar falo, gumi yana zuba, fuskarsa kamar ta mai zuwa idi. Na yaye zanen.

Tayoyin biyu suka daki katako, ƙwas. Ya ja baya ya gyara ya sake zuwa. Ƙwas. Ya gwada ta karkace. Sau huɗu. Daga inda keken ya tsaya zuwa ƙarfen riƙewa taku biyu ne da juyi ɗaya, shi kuwa ba ya da ko taku ɗaya.

Sai ya miƙa hannun hagu ya auna bakin ƙofar da taƙi, daga babban yatsa zuwa ƙarami, sau uku bai cika ba. Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ashirin da huɗu."

Na ce, "Alƙibla ce, Yaya. Kai ka ce a juya."

Ya ce, "Haka ne." Sannan ya ce, "To ɗauke ni."

Na ɗauke shi na shigar da shi na zaunar. Na fito na rufe ƙofa na tsaya a falo, zuciyata fes. Shekara huɗu ina jiran ranar da zan ga ya tsaya a gaban awo ba ya da ta cewa. Rakiya tana ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta kalli Yaya ba, ni ta kalla.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Abin da ban lissafa ba shi ne, har yanzu ni ne mai ɗaukarsa. Fo ya tafi, bayana bai huta ba. Amma akwai bambanci. Da, lalura ce ta sa yake kirana. Yanzu inci biyu ne, kuma na san wanda ya ajiye su.

Yau da hantsi ya kira, "Muttaka." Ina kan wuyan rigar wani zaɓaɓɓen kansila, aikin da in ka ɗaga ƙafa zare ke karkacewa. Na ce ina zuwa. Ya sake kira. Na ce ina zuwa. Na gama wuyan, na kama aljihu. Ina jin ƙarar kekensa ya fito falo, ya je bakin ƙofar ya tsaya, masai yana gabansa yana ganinsa. Kira na uku bai ƙarasa sunana ba.

Ba zan rubuta sauran ba. Rakiya ta kwashe yaranmu ta shiga maƙwabta. Na wanke shi, na wanke keken, na wanke siminti. Duk lokacin idonsa yana kan taga. Da nake sa masa wando ya ce, "Ka yi haƙuri." Kalmar da na jira tun casa'in da biyar, sai ga ta ta zo a kan wando. Na ɗaure masa mazagi.

Talata, 25 ga Mayu, bayan magariba

Liman Babaji ya zo duba mai jiki da la'asar. Ban san zai zo ba. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce bari ya ga aikin da aka yi. Ya leƙa, ya dubi masan, ya dubi keken da Yaya ke kai, ya dubi ƙofar.

Ya ce, "A'a, Malam Muttaka, juya shi kuka yi? Ai na hwaɗa ma cikin gini ba laihi, ku yi yadda kekenshi zai shiga."

Ƙafata tana kan keken ɗinki, ta ƙi takawa. Ina jin famfo yana ɗiga a sabon kwamin.

Yaya ne ya yi magana. A hankali, yana tauna kowace kalma don Liman ya gane. Ya ce, "Ya hwaɗa mani, Malam. Ni na ƙi. Na ce a juya."

Liman ya ce, "Kai dai Malam Lado ba ka sauya ba, kullum sai ka tsananta ma kanka." Suka yi dariya. Na raka Liman har bakin titi. Da na dawo Yaya ya koma ɗakinsa ya tura ƙofa.

Wa ya roƙe shi ya rufa mini asiri? Ko a nan ma sai ya fi ni. Na fi son ya zage ni a gaban Liman, in fito da maganar shago, a yi ta ta ƙare.

Laraba, 26 ga Mayu, azahar

Bai ce mini komai ba. Sau biyu kawai ya kira.

Alhamis, 27 ga Mayu, la'asar

Sau ɗaya, da safe. Na samu na gama riguna uku. Gari ya yi zafi ƙwarai, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ruwa ya ƙi sauka. Na ce a raina jikinsa ne ya fara daidaita.

Asabar, 29 ga Mayu, bayan azahar

Yau soja suka miƙa mulki. Tun safe 'yan acaɓa ke zagaya gari da ganye a kan babura suna hon. Na kunna rediyo a falo na ƙure murya don ya ji mutanensa sun tafi. Ana ta jawabin 'yanci da sabuwar rayuwa, kowa zai samu haƙƙinsa. Daga ɗakinsa ko tari ban ji ba.

Rakiya ta zo ta kashe rediyon. Ba ta taɓa yin haka ba.

Ta ce, "Malam, kwana huɗu ke nan ina kai ma Yaya ruwa ina ɗauko shi yadda na kai. Kunu cokali biyu yake sha. Ruwan alwala kawai ke raguwa. Ka san dalili?"

Na ce maras lafiya ba ya rasa ƙyale-ƙyale.

Ta ce, "Don kada ya kira ka ne. Na ga ranar da ka auna kekenshi, na ga ka auna sau biyu. Ka kira Mamman ya hwasa bangon nan."

Na ce mata ba a fasa bangon mutane kullum kamar gidan ubanmu ne, kuma ta kama kanta. Ta koma kicin. Na sake kunna rediyon, amma ban ƙure ba.

Lahadi, 30 ga Mayu, hantsi

Na kai masa ruwa da kaina, na randa, mai sanyi, a kofin silba. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa. Na ce, "Yaya, sha."

Ya ce, "Ba ni jin ƙishi."

Na ce, "Ka sha, in ka matsu ka kira ni, zan zo."

Ya dube ni, ba fushi ba komai, irin kallon da yake yi wa gini kafin ya rubuta. Ya ce, "Kana da aiki." Ya kurɓi abin da bai kai cikin cokali ba ya miƙo mini kofin.

Taurin kai ne. Tun muna yara haka yake. In yana son ya kashe kansa don ya ɗora mini, wannan tsakaninsa da Allah.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Na je neman Mamman, aka ce yana aiki a Batsari sai Alhamis. Akwai wasu magina a garin nan, na sani. Na ce bari in jira wanda ya fara aikin.

Yau bai kira ba ko sau ɗaya.

Talata, 1 ga Yuni, magariba, a asibiti

Da safe na shiga na tarar ba ya gane mutane, yana kiran sunan mahaifiyarmu. Da na ɗauke shi zuwa mota bai kai nauyin da na sani ba. Likita ya ce ruwan jikinsa ya ƙafe, ƙodarsa ta tsaya, ga hawan jini dama. An ɗaura masa ruwa leda bayan leda. Likitan ya tambaye ni, "Kwana nawa ba ya sha? Ba wanda ke lura da shi a gida?" Na ce muna ba shi, shi ke ƙi. Wannan ma ba ƙarya ba ne.

An aika wa Indo.

Laraba, 2 ga Yuni, la'asar

Ya farfaɗo kaɗan da Indo ta iso. Ta riƙe hannunsa tana kuka tana tambayar me ya same shi. Ya ce mata, "Baffanki ya yi ƙoƙari. Har bayi ya gina mani." Ta juyo ta durƙusa ta yi mini godiya. Ina tsaye a ƙarshen gado, na jira ya kalle ni ko sau ɗaya, bai kalla ba.

Alhamis, 3 ga Yuni, azahar

Mamman ya zo da guduma ƙarfe takwas na safe, kamar yadda na bar masa saƙo. Ya tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya jingine gudumar a bango ya bi mu maƙabarta.

Asabar, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Yau sadakar uku. Gida ya cika tun safe, maza a waje, tsofaffi da dangi na jiki a falo. Bayin ya yi amfani ƙwarai, kowa ya shiga ya fito sai ya yaba: ga tsabta, ga wurin wanke hannu, ga ƙarfe don tsofaffi, kuma an kiyaye alƙibla. An naɗe keken an jingine shi a bayan ƙofar ɗaki, a naɗe ko'ina yana shiga. Mamman bai shiga bayin ba, ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida.

Bayan Liman ya yi addu'a, Gwaggo Hajjo ta ce tana da magana. Ta ce kowa ya san abin da ya shiga tsakanin 'ya'yan ɗan'uwanta a kan shago, kuma kowa ya ga yadda ƙarami ya yafe, ya ɗauki babba a kafaɗarsa wata guda cur, ya fasa ɗakinsa ya gina masa wurin lalura. Tana magana tana share hawaye da bakin mayafi. Indo ma tana kuka.

Sannan Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Muttaka, yadda ka yi ma ɗan'uwanka, Allah ya ba ka mai yi maka haka ranar da ƙarhinka ya ƙare."

Falon gaba ɗaya ya amsa. Daga bayan labule na ji muryar Rakiya, ita ma ta ce amin, a fili, ba rawa a muryarta. Hannuwana suna kan gwiwa. Gwaggo ta tsaya tana kallona tana jira, mutane suka juyo, Liman ma ya juyo.

Na ɗaga hannu na ce amin, na shafa.